Amawalin da Na Sauke

Ina lakwal, wato makarantar boko, aji uku a kolej a Tawa, na ɗauri aniyar rubuta littafin soyayya, na zamanin da. Na gaji da labaran da masoya ke haɗuwa cikin mota mai sanyi, mu da ko kabu-kabu sai mun yi ciniki. Na sayi kaye, wato littafin rubutu, duk hutu in tafi Takanamat wurin kakata, don ita ke da labarin.

Labarin wata 'yar manomi ne a arewacin Adar, can inda gonaki ke ƙarewa, da wani saurayi makiyayi daga Azawak. Duk shekara in an gama girbi aka saki gonaki, yakan sauka da raƙumansa a gonar uban yarinyar, dabbobi su ci kara su bar taki. Ita ke kai masa fura. Kaka tana ba ni labarin kaɗan-kaɗan, tana sussukar hatsi. In na matsa mata ta gaya mini ƙarshe, sai ta ce:

"Ke 'yar lakwal, gaugawar mi kike? Shekara ukku yay yi yana zakkuwa."

Ni kuwa ba ni da haƙuri, har yau ban da shi. Na koma Tawa na rubuta nawa ƙarshen. Na sa saurayin ya tsaya bakin rijiya, ya janye amawalin rawaninsa, ya yi mata murmushi ta ga wushiryarsa. Ƙawayena suka karanta har da masu hawaye, kaina ya kumbura.

Da hutu na karanta wa kaka ina jiran yabo. Ta ajiye taɓarya.

"Wa yag gaya miki yana da wushirya?"

Na ce ai ƙirƙira ce.

"Ɗan mutunci ba ya buɗe baki gaban ɗiyar mai masaukinai. Ko hura, baya yaka juyawa shi sha. Ni da nak kai mai ban gani ba, sai ke?"

Sai lokacin na gane ko wace ce 'yar manomin. Kunya ta kama ni, ita ma ta kama ta. Daga ranar ba ta sake tayar da zancen ba. Na roƙa, na yi fushi, na yi kuka, na yage shafin a gabanta. Ta ce kawai, "Kin riga kin ƙare shi." Da damina ta gaba ta rasu.

Na so in je in ga gonar da rijiyar, amma yanzu hanyar arewa ba ta biyuwa saboda rashin tsaro, direbobi ma sun daina ɗaukar mutum zuwa can. Kayen yana cikin akwatina, tawadar ta koɗe. Nakan buɗe shi in ji haushin kaina. Ban san ko saurayin ya dawo a shekara ta huɗu ba, kuma babu sauran wanda zan tambaya.