Cokula Goma Sha Ɗaya na Inna Aidin

Shekara talatin da ɗaya, ƙararrawar safe ba ta taɓa riga Inna Aidin isa makaranta ba. Ɗakinta ɗan ƙarami ne a ƙarshen baranda, gado ɗaya, kujera biyu, tebur mai aljihu, da farin akwatin magani a rataye jikin bango. Tana shiga sai ta buɗe taga, ta kakkaɓe zanen gado, ta cika roba da ruwa ta ajiye sabulu a gefe. Sannan ta sauko da akwatin ta bi kayansa ɗaya bayan ɗaya: auduga, bandeji, filasta, almakashi, safar hannu, da kwalbar aidin ɗin da ta jawo mata suna. Kowa ya san jiya kafin ta tashi ta duba su, kuma aljani bai shiga ya taɓa ba. In ka faɗa mata haka sai ta ce, "Ranar da ban duba ba, ran nan wani zai fasa kai."

Sunanta na yanka yana can cikin takardun ofis, ba mai kiranta da shi. Yaro zai shigo da gwiwa a ɗaye, tun daga bakin ƙofa yana kururuwa, "Inna, don Allah ban da aidin!" Ita kuwa ko a jikinta. "Au, kai ne aka ce min jarumin ajinku? To zo ka taimake ni, riƙe min audugar nan, tsufa ya sa hannuna rawa." Hannunta bai taɓa rawa ba. Kafin yaron ya gama jin daɗin an ba shi aiki, an wanke ciwo an ɗaure. Ba ta bari kowa ya fita ɗakin nan bai koyi abu ɗaya ba, ko da wanke hannu ne kafin a taɓa rauni.

Malamai ma nan ne mafakarsu. Mai ciwon kai, mai son a auna masa jini, mai juna biyun da jiri ya kwasa a gaban allo, duk gadon nan ya san su. Akwai malamin lissafi, ƙato, wanda in ya daka tsawa a aji huɗu har 'yan aji shida sai su nutsu. Wata rana reza ta yanke shi wajen fiƙe fensir. Ya zo da yatsa a sama, yana ganin jini ya gangaro sai ya nemi kujera ya rasa, ya zauna daɓas a ƙasa. Inna ta rufa masa asiri a wajen ɗalibai, amma tsakaninsu bai sake shan ruwa da daɗi ba. Duk inda suka haɗu sai ta ce, "Malam, ya jikin yatsa?"

Abin da ba kowa ya sani ba shi ne abin da ke cikin aljihun teburinta. Cokula ne, guda goma, manya da ƙanana, ba wanda ya yi kama da ɗan'uwansa. Kowanne daga hannun wani ta fizge shi. Mutanenmu in farfaɗiya ta kayar da yaro, rabi su watse don tsoron wai miyansa zai shafa musu ciwon, rabi kuma su danne shi su cusa masa cokali a baki, wai kada ya haɗiye harshe. Da kyakkyawar niyya ake yi, amma haƙori ake karyawa, numfashi ake tarewa. Na farkon daga hannun shugaban makaranta na wancan zamani ta karɓe shi, tana sabuwar zuwa, a gaban jama'a.

"Ranka ya daɗe, ba mai haɗiye harshensa. Kawo."

Ya kawo, ya yi wata guda ba ya amsa gaisuwarta. Cokalin dai bai koma ba, don Inna ba ta mayar da cokali.

Tana da dalilinta. Ƙanwarta, wadda take bi mata, da ciwon ta tashi. Tana aji uku ta faɗi a filin makaranta, aka fasa mata haƙora biyu da cokali, yara suka daina zama kusa da ita, mahaifinsu ya ce ta zauna gida ta huta. Hutun ke nan har yau. Sun tsufa tare a gida ɗaya, kuma ko saƙo ne ya shigo wayar ƙanwar sai ta jira yayarta ta dawo ta karanta mata.

Shi ya sa da 'yar wani kafinta ta zo makarantar, Inna ta riƙe ta hannu bibbiyu. Yarinya ce siririya a aji huɗu, mai kaifin kai, ita ma farfaɗiya na kayar da ita jefi-jefi duk da maganin asibiti da take sha. Inna ba ta kiranta da komai sai "ƙawata". Ubanta shi ke gyaran bencina da tagogin makarantar, mutum ne marar yawan magana. Ranar da labari ya fito cewa Inna za ta yi ritaya a ƙarshen zango, kuma ba wadda za a turo a madadinta, akwatin kawai za a mayar ɗakin malamai, sai ya zo ya tsaya a bakin ƙofarta yana murza hula.

"Inna, na ji an ce za ki bar mu."

"Shekaru ne suka kore ni, Baban ƙawata, ba ni na so ba."

"To ni gaskiya saboda ke na bar ta take zuwa. In kin tafi wa zai tsaya a kanta? Gara ta faɗi a gaban uwarta. Daga wannan zangon ta gama."

Inna ba ta yi masa gardama ba, ta san ba ƙiyayya ce ta sa shi ba, tsoro ne. Amma kalmomin mahaifinta ne sak ta sake ji a bakin wani, bayan shekara hamsin. Wata uku ya rage mata.

Abin da ta yi da watannin nan, waɗanda suka gani har yau suna ba da labari. Duk ranar Alhamis lokacin tara, sai ta ɗauki tabarma ta nufi aji huɗu, wanda malamin lissafi ne ke riƙe da shi. Ta fara neman izinin ƙawarta, yarinyar ta sunkuyar da kai ta ce to. Sai ga mace mai shekara sittin, mai ciwon gwiwa, ta kwanta a ƙasa gaban yara arba'in tana jijjiga jiki. Ranar farko dariya ta hana a yi komai. Ta tashi zaune ta gyara ɗankwali ta ce, "Kun gama? To da gaske ne da yanzu kaina ya bugu da benci sau uku. A sake." Aka sake, aka kuma sakewa. A janye bencina. A sa abu mai laushi ƙarƙashin kai. Wani ya duba agogo, in jijjigar ta wuce minti biyar sai asibiti. Kada a danne ta, kada a sa komai a baki, ko ruwa. In jijjigar ta lafa a juya ta kan gefe. Miyau kuwa, ta sa hannu ta goge na ƙawarta sau nawa, ga ta nan garau.

Malamin lissafi ya so ya zame. "Inna, kin fa san halina."

"Na sani. Wannan ba jini a ciki in ba a kawo cokali ba. Durƙusa."

Saura kwana huɗu ta tafi abin ya faru. Kafinta na bayan aji biyar yana gyaran taga, Inna na ɗakinta tana haɗa kayanta a kwali, sai wata ɗaliba ta shigo a guje: ƙawar Inna ta faɗi. Ta tashi da iya saurin da gwiwa ta bar mata. A bakin ƙofar aji huɗu suka yi kiciɓis da uban, ya yar da guduma, hannunsa na fitowa daga aljihu da cokali. Ashe duk bayanin da take yi masa, kai kawai yake gyaɗawa. Cokalin nan kullum yana tare da shi saboda 'yarsa.

Inna ta miƙa hannu ta tare ƙofa.

"Tsaya. Ni ma ba zan shiga ba."

"Inna, 'yata ce fa!"

"Ƙawata ce. Tsaya ka gani."

Ta faɗa daga baya cewa a duk shekarunta na aiki ba ta taɓa yin abu mai wuya kamar tsayuwar nan ba. Ƙafafunta na son shiga, tana hana su. A ciki yara sun riga sun janye bencina sun ja da baya, ba wanda ya gudu. Malamin lissafi na durƙushe, gumi ya jiƙa masa riga, ya naɗe rigar sanyin wata ɗaliba ya tura ƙarƙashin kan yarinyar. Wata na riƙe da agogonsa tana faɗa da ƙarfi: minti ɗaya, ɗaya da rabi. A kan minti biyu jikin ya saki. Ya juya ta kan gefe a hankali, ya ciro hankicinsa ya goge mata baki, wata ƙawarta ta gyara mata siket. Da ta buɗe ido, muryar nan da ke firgita aji shida ce ta yi ƙasa ta ce, "Sannu. Kina aji, mu ne. Kwanta abinki."

Kafinta ya daɗe a tsaye yana kallon malamin, yana kallon yaran. Sannan ya dubi abin da ke hannunsa, ya miƙa wa Inna ba tare da ta tambaya ba.

"Zango mai zuwa sai a saya mata sababbin littattafai ke nan," ya ce, yana share ido da bayan hannu.

Yau wata huɗu da tafiyarki, Inna. Ɗakinki an cika shi da karyayyun kujeru, warin aidin ya bar barandar, amma har yanzu ƙananan yara in sun faɗi can suke fara nufa da gudu, sai sun tarar da kwaɗo a ƙofa su tuna. Malamai ma sukan rage tafiya in sun zo wurin. Akwatin yana ɗakin malamai, kuma malamin lissafi ne ke sauko da shi kowace safiya yana bin kayansa ɗaya bayan ɗaya. An yi masa tsiya, ya ce ranar da bai duba ba ran nan wani zai fasa kai. Mun yi dariya, dariyar ba ta yi nisa ba. Muna kewarki.

Mun ji ke ma haka. An ce har yanzu da sassafe kike shiryawa, sai kin ɗaura ɗankwali ki tuna ba inda za ki. An ce lokacin tara in ya yi sai ki fito ƙofar gida ki zauna kina kasa kunne, alhali makarantar ta fi ƙarfin jin kunne daga gidanki. Ke ce uwar 'ya'yan da ba ki haifa ba. Ke ce kika kwanta a ƙasa don wata ta zauna a kan benci. Ba a taɓa kiran sunanki a taro ba, ba ki kuma taɓa jira a kira ba.

Makon jiya 'yar kafinta, wadda yanzu take aji biyar, ta aiko wa Inna wasiƙa da rubutun hannunta. Inna ta karanta wa ƙanwarta a bayyane, sau biyu. Tsohuwar ta karɓi takardar ta daɗe tana shafa layukan da yatsa, sannan ta ce, "Yaya, rubutunta da kyau?" Inna ta ce da kyau ƙwarai.

Mun gode, Inna Aidin. Allah ya saka da alheri, ya ƙara wa gwiwa lafiya. Ku kuma malamai da iyaye masu karanta wannan, kada ku jira sai makarantarku ta samu irinta, don irinta ba ta da yawa. Ku nemi wanda ya sani ya koya muku, ku durƙusa ku gwada, ko da za a yi muku dariya ranar farko. Wanda hanya ta bi da shi ta unguwarsu ya tsaya ya gaishe ta, ba ta gajiya da baƙi. Za ta sa a kawo maka abinci, kuma in ka ga cokalin bai yi kama da na wanda ke kusa da kai ba, kada ka yi mamaki. Duka goma sha ɗayan ta tafi da su gida, ta ce ai dama don cin abinci aka ƙera su.