Neman Ƙugiyar Ƙaura Namoda a Croydon

Dagenham

Ranar Asabar, ina idar da sallar asuba na saɓi jaka na fita, matata Hajiya na bina da, "Malam, da furfurarka kake yawon kayan wasa?" Na ce eh, ki ajiye min koko.

Ga dalilin tafiyar. Yaya Sani, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana aikin reluwe a Ƙaura Namoda, yana kwance a flat ɗinmu, ido ya tafi, likita kuma ya hana shi hawa jirgin sama ya koma gida. Kullum zancensa ya ga tashar nan. Sai na haɗa masa 'yar ƙarama a kan tebur, da layin dogo da taragai. Allon suna kawai ya rage, mai haruffan da yatsa zai karanta.

Whitechapel

Na sauka daga tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, na hau wanda ba shi ba. Ni da na bar makaranta a aji uku, taswirarsu taliya ce a idona. Wani ɗan Kumasi mai shara ya ji ina salati ya ce, "Baaba, ka ɓata ne? Koma ƙasa, hagu." Allah ya biya shi.

Croydon

Wajen ƙarfe tara na sami shagon da ake yanka haruffa da inji, bayan layin tram, jirgin ƙasan cikin gari. Mai injin wata Baturiya ce, ta kusa sa'ata. Na zaro murfin bokitin Hajiya na ce a yanka a nan. Ta juya shi ta ce wannan robar in wutar laser ta taɓa ta, hayaƙin guba take yi. Ta ɗauko tata, fam goma sha biyu.

Ta rubuta KAURA a kwamfuta. Na ce, "Madam, wannan dawa ce, ba garinmu ba. K ɗinmu tana da ƙugiya." Ta ce injinta bai san ta ba, in zana. Na riƙe biro, wallahi na rasa ta wane gefe take lanƙwasa! Dole na kira gida.

"Au, injiniya bai iya K ba? Dama, ta sama," in ji Hajiya. "Kuma ina murfina?"

Jan haske ya bi robar yana tayar da hayaƙi. Ƙugiyar farko ta karye don sirantaka. Madam ta ce a haƙura. Na ja kujera na zauna, na ce ba inda za ni. Ta uku ce ta tsaya.

Gida

Na iso bayan la'asar, alhamdu lillahi, na kafa allon, na ɗora hannun Yaya a kai. Ya bi haruffan a hankali, ya tsaya kan ta farko, ya daɗe. Sannan ya gyara kwanciya ya ce, "Audu, sauke kaya. Mun iso."