Agushin Maman Chidi

Jaka a kafaɗa, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu, ina kokawa da sakatar get, sai na ji muryar Maman Chidi, maƙwabciyata a gidan hayarmu na Magajiya.

"Maman Hanifa, ina zuwa haka? Yau fa Asabar."

Wallahi tsayawa na yi kamar an dasa ni. Babu aiki, amma jikina ya saba da tseren kama motar zuwa aiki Abuja, ji nake kamar na makara. Na koma ɗaki na kasa zama, na sake fitowa tsakar gida ina zagaye.

Ta turo min kujera da farantin agushi. "Zauna ki taya ni ɓarewa."

Duk ƙwayar da na kama sai ta karye. Haushi ya ishe ni, na ce, "Haba Maman Chidi, ga ɓararre a kasuwa, me ya kai ki wannan wahala?"

Ta yi dariya. "Ba don miya nake yi ba. Idan kaina ya ɗau zafi, sai in ba hannuna aikin da ba ya yiwuwa da sauri."

Kafin mu ci rabin farantin na daina karya su, numfashina ya daidaita. Sai a lokacin na lura ashe jakar tana kafaɗata.

Jibi Litinin, har gabana ya fara faɗuwa. Ku masu bin hanyar nan kullum, da me kuke sauke taku jakar?