Aikin da Bai Bar Tabo Ba

A garinmu, idan aka yi wa mutum aiki a asibiti, sai ya nuna. Masu dubiya za su cika zaure, a gaisa, shi kuma ya ɗaga riga su ga ɗinki. Daga nan babban gidansu ya je wajen mai unguwa a sa ranar gayya, a taru a yi masa aikin gona. Haka muka taso muka tarar. Ni kaina na yini biyu ina yanke wa maƙwabcinmu gero shekarar da aka yi masa aikin ƙaba.

Nawa ciwon ya zo daf da cirar gyaɗa. Na daɗe ina shan ƙwayar ciwon jiki ta kemis, safe da yamma, ciki babu komai, don dai in iya sunkuyawa a gona. Wata safiya ina alwala sai na yi aman jini, baƙi ƙirin. Maiɗakina ta nemo mota, daga asibitin Ɗanbatta aka tura mu Kano.

Likita ya ce gyambon ciki ne ya ci har ya taɓa jijiya. Ba su yanka ni ba. Wani abu mai ɗaci suka fesa min a maƙogwaro, suka ba ni roba na cije, suka zura wani dogon tiyo mai fitila a kai har cikin tumbi. Ta cikin tiyon nan likitan ya aika wani ɗan ƙarfe mai baki biyu kamar matsefata, su suna ce masa kilif. Ya kama bakin gyambon nan da can ya matse, ya bar shi a ciki. Uku ya sa. Washegari ya nuna min irinsa a tafin hannu, da kaɗan ya fi ƙwayar wake. Ya ce idan wurin ya warke zai faɗi da kansa ya bi bayan gida, ba ma zan sani ba.

"Amma Malam, ka zubar da jini da yawa," in ji shi. "Wata guda kada ka taɓa fartanya."

Ranar da na dawo zaure ya cika. Yayana, wanda muke uba ɗaya, shi ne babba a gidanmu, shi ne kuma zai kai maganar gayya. Bayan an gaisa ya ce, "To, ɗaga mana mu gani."

Na ɗaga. Ciki sumul, ko ƙwarzane babu.

"Ina aikin?"

"Ta baki suka yi, Yaya. Ƙarfe suka maƙala daga ciki."

"Ta baki." Ya juya ya dubi mutane. "Kun ji, ta baki aka ɗinke shi. To buɗe bakin mu leƙa."

Aka yi dariya, har da maƙwabcin nan mai ƙaba. Wani tsoho ya ce, "Ko dai ruwa suka ƙara maka kawai, ka kwanta ka sha shayi da burodi?"

Na ɗauko takardar asibiti. Da Turanci aka rubuta ta, ni kuwa a aji biyar na firamare na tsaya, sunana kaɗai na iya nuna musu. Akwai hoton cikin nawa a jiki, ja, da ƙarafunan uku a tsaye. Yaya ya karɓa ya juya ta sama ya juya ta ƙasa, ya ce wannan ai tumbin akuya ne a tiren mahauci. Ya miƙo min, ya karkaɗe rigarsa ya fita.

Bai je wajen mai unguwa ba. Da na gaji da jira na lallaɓa na je da kaina. Mai unguwa ya ce, "Yayanka ya ce ka warke. Ba zan sa mutane su bar nasu aikin a kan abin da ba wanda ya gani ba."

Ruwa ya ɗauke a satin. Duk manomi ya san abin da ke biyo baya: ƙasa za ta ƙame, ka ja gyaɗa ganye ya biyo hannunka, 'ya'yan su tsinke a ƙasa. Rana ta tara da dawowata na saɓi fartanya. Ban kai ƙarshen kunya ɗaya ba idona ya yi duhu, sai ji na yi na zauna a ƙasa.

Maiɗakina, wadda tun aurenmu ba ta taɓa taka gona ba, ita ta ɗaura zani ta fito, ita da ƙanwarta. Ni ina gindin darbejiya ina kallo. Yaya ya zo wucewa a babur, ya rage gudu.

"Ka fito da mata rana kai kana inuwa? Ƙarfen ne ya yi maka nauyi?"

Na ce, "Allah Ya ba ka irin ciwon, Yaya, Ya kuma ba ka irin likitan."

Na san ba addu'ar kirki ba ce. Ban janye ta ba.

Kwana goma suka yi suna fama da ƙasa kamar siminti, hannunsu duk ya fashe. Abin da ya fito ba shi da kyan faɗa, mafi yawa ya zauna a ƙasa. Bayan an kwashe, na ga tsofaffin mata da 'yan mata da kwanuka suna tono a gonar, cikinsu har da 'ya'yan Yaya. Roro hakkin kowa ne idan mai gona ya gama, ba ni da bakin korarsu. Na tsaya a bakin gona ina kallo suna cika kwano.

Ran Juma'a matar Yaya ta aiko mana da ƙuliƙuli, wai a ba marar lafiya. Na ce wa maiɗakina ta mayar musu a kwanonsu.