Kofur Kefas da Dodon Koɗin Teku

In kun bi ta Rikoto da hantsi za ku ga wani dogon mutum zaune gindin mangwaro, hannuwa a cinya. Kofur Kefas ke nan. Tun yana yaro a Dabai ba mai ja da shi a wasan koɗi. In ya murza ƙwanson katantanwa a kan rairayi, sai ka je rafi ka dawo bai daina juyi ba. Ya girma, ya yi noman golmo, wato noman neman aure, a gonar surukinsa har aka ba shi Alice, sannan ya shiga soja kamar yawancin samarin garinsu.

A 2004 aka tura su aikin kiyaye zaman lafiya gaɓar Bahar Maliya. Ran hutu, a bakin ruwa, ya tsinci wani koɗi mai zane kamar atamfa. Mutumin tudu, ina ya san teku? Ya ɗauka ya fara gwada murzawa, ashe mai gidan na ciki. Ya ji ɗan tsini a yatsa, ko zafin tururuwa bai kai ba. Kafin su isa sansani leɓɓansa sun mutu, numfashi ya tsaya. Likitoci sun dawo da shi, amma harshe da hannuwa ba su dawo duka ba.

Yana kwance ya ji likita na bayani: dafin wannan dodo ba ɗaya ba ne, ɗaruruwa ne a gauraye. Wani ya ɗaure tsoka, wani ya kashe ji, wani ya riƙe ƙirji, kuma kowane irin dodon koɗi da nasa haɗin. Shi ya sa ba shi da makari. Kefas ya haddace wannan, bakin faɗa ne babu.

A gida kuwa, da aka ji abin da ya harbe shi, an yi ta dariya.

"Katantanwa?" in ji Ishaya mai maganin maciji. "Haba Kofur, wadda yara ke gasawa? Kububuwa ce ta ruwa. Kawo reza!"

Aka yi tsaga, aka ɗora baƙin dutse. Da bai yi ba aka gwada maganin gamsheƙa, sai na kunama. Damina biyu Alice na jigila da shi daga wannan mai magani zuwa wancan, gonarsu ta zama dajin ciyawa, rumbu ya kusa ƙarewa. Yana gani, yana ji, in ya buɗe baki sai gurnani.

Ran da ruwan shuka ya sauka, Alice ta sake kiran ɗan acaba, wai akwai wani gwani a Kanya. Kefas ya saƙala gwiwar hannu a ƙyauren ɗaki. Aka ja, ya ƙi.

"Baban Rachael, taurin kan sojan ne ya motsa?" in ji Alice.

Ya yi ta kokawa da harshensa, gumi na zuba, har kalma ɗaya ta fito: "Gona."

Alice ta gane nufinsa. Sannan ta sallami ɗan acaba, ta shimfiɗa masa tabarma a inuwa, ta saɓi fartanya. Dawarsu ta yi kyau a wannan shekarar. Shi bai ga gonar ba, a bakinta yake jin labari.