Malam Sadisu da Bankunan Brazil

Ina cikin bas a Ardwick, wata unguwa a Manchester, ranar Talata da hantsi, kiran Alhaji Bala ya shigo. Shi ne dattijon 'yan arewa a Small Heath, can Birmingham, kuma ba ya kira don gaisuwa. Ya ce, "Kabiru, sai haƙuri. Malam Sadisu ya faɗi a wurin aiki, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa." Na yi salati, na zarce tashata ban sani ba.

Shekara uku muka zauna gida ɗaya da Malam Sadisu a Manchester. Ni ina karatun injiniya, shi yana digirin digirgir a kan tarihin bankuna a ƙasar Brazil. Mun sha yi masa tsiya, muna cewa mutumin Gwarzo ya rasa abin karantawa sai bankin mutanen da ƙwallo kawai muka san su da ita. Ba ya fushi. Sai ya zuba mana shayi, ya ba mu labarin sarkin Fotugal da ya gudo Brazil saboda yaƙi, ya kafa bankin farko, da zai koma gida ya kwashe zinariyar ya bar wa mutane takarda. Ko labarin gwamnatin da ta wayi gari ta kulle ajiyar jama'a, har da ta tsofaffi. Yakan ce, "Ba Brazil nake karantawa ba, gidanmu nake leƙe ta tagar maƙwabci." Yakan kuma ce, "Talaka ne ke kai amana, babba ne ke riƙe makulli."

Waɗanda suka turo shi karatu ba su ga haka ba. Da aka sauya shugabanni a gida, wani ya duba takardarsa ya ce me ya haɗa mu da Brazil, aka yanke tallafin. Ban yafe wa wannan mutumin ba, kuma ban san sunansa ba. Malam ya koma Small Heath inda ɗaki ya fi sauƙi, ya kama aikin ɗaukar kaya a sito. Mutumin da ya koyi Fotugisanci da furfura a gemu, shi ne ya ƙare yana jera kwalaye.

Duk da haka bai ajiye alƙalami ba. Da hannu yake rubutu, domin shi da kwamfuta ba sa ga maciji. Da ajami yake tsara tunaninsa, kamar yadda ya saba tun makarantar allo, kuma kowane shafi sai ya buɗe shi da bisimilla. Ni na ɗauki alkawarin zan riƙa zuwa yana karanto mini da Turanci ina bugawa. Ya kira ni ya fi a ƙirga. "Kabiru, babi shida sun kammala, supervisor, malamar da ke duba aikina, ta ce in kawo draft ko da ban biya fees ba." Ni kuwa kullum amsata ɗaya, "Malam, wannan weekend ina da shift, sai na gaba in sha Allahu." Bai taɓa nuna mini ɓacin rai ba, sai ya ce Allah ya kai mu.

Na je jana'iza, na dawo Manchester a ranar saboda aiki. Bayan kwana uku mai gidan hayar ya ce a kwashe ɗakin. 'Yan'uwa 'yan arewa suka taru, mutanen kirki, suka rabar da tufafinsa sadaka. Takardun Fotugisanci da ya tara suka zuba a kwandon shara. Da suka zo kan kwali biyu na rubutun hannunsa, suka ga sunan Allah a saman kowane shafi, suka ce wannan ba ya shiga shara a tattake shi. Suka kai bayan gida suka ƙona a cikin garwa, cikin ladabi, kamar yadda aka koya mana duka.

Da na iso ranar Asabar na tambaya, Alhaji Bala ya ce, "Ai mun killace su, ɗana. Mun ɗauka addu'o'i ne, landlord kuma ya matsa." Na so in yi masa faɗa, amma da wane baki? Su dai girmamawa suka yi. Ni da na san abin da ke cikin kwalayen, ina Manchester ina neman na cefane. Wannan baƙin cikin ba zai bar ni ba.

Jiya matarsa, Malama Hadiza, ta kira ni daga Gwarzo. Bayan gaisuwar ta'aziyya ta ce, "Malam Kabiru, littafin nan da ya bar mu shekara biyar saboda shi, don Allah a aiko mini. Ko ban iya karantawa ba, yara su ga abin da babansu ya yi." Na ce mata to.

Allah ya jiƙan Malam Sadisu, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa, ya sa abin da ya rubuta ya tarar da shi a mizani ko da mu ba mu gani ba. Allah ya ba Malama Hadiza haƙuri, ya raya 'ya'yansa huɗu cikin albarka. Ni kuma Allah ya yafe mini, ya ba ni ƙarfin zuciyar da zan kira ta in gaya mata gaskiya.