Direban Gwaggo a Hainan

Ina shekara ta tara a Guangzhou lokacin da Gwaggo ta yi zuwanta na huɗu. Ƙanwar mahaifina ce, tana sayar da abaya da mayafai a Kano. Sunan mahaifinta aka sa mini, don haka ba ta kama sunana, Babana take ce mini ko a tsakiyar kasuwa. Aikina a garin rakiyar 'yan kasuwa ne: in kai mutum shago ko kamfani, in yi masa tafinta, in bi kayansa har a loda. Ta zo tare da ƙawarta, wata Hajiya 'yar Maraɗi, wadda suka haɗu a jirgi tun zuwan farko. Daga lokacin suke haɗa tafiya, suna kama ɗaki ɗaya a wani otal da ke titin Liuhua.

A wannan zuwan masu ɗinki suka ce abayoyin ba za su fito ba sai bayan kwana goma. Muka shiga kasuwar tufafi ta Shisanhang ko za a dace da irinsu ɗinkakku a ƙasa. Duk shagon da muka nuna wa hoto sai a kaɗa mana hannu a ce "me yo", wato babu. Kwana biyu muna wannan yawo, sannan suka haƙura suka koma ɗaki suna kallon bango.

Babban ɗan Gwaggo, wanda yake aiki a Abuja, shi ya kawo maganar jirgin ruwa. Ya ga tallar wani jirgin yawon shaƙatawa da ke tashi daga tashar Nansha, ya yi kwana huɗu a teku, ya tsaya yini ɗaya a Sanya da ke tsibirin Hainan, sannan ya dawo. Tunda tsibirin na China ne, ba sai an nemi wata biza ba. Bai yi shawara da kowa ba, tikiti biyu kawai na gani a wayata.

"In zauna cikin ruwa kwana huɗu ina yin me?" in ji Gwaggo.

Hajiya ta ce, "Ni dai ina son in shiga baton nan. Teku ban taɓa ganin shi ba sai ta tagar jirgin sama." Bato take kiran jirgin ruwa, irin ta mutanen Nijar.

Suka yi ta ja-in-ja har la'asar, Hajiya ta yi nasara.

Masu jirgin suna da nasu tsarin na ranar tsibiri. Za a ɗebi mutane a manyan motoci a kai su wani wurin bauta mai ƙaton gunki, a hau matakala, a ci abinci a inda suka zaɓa. Na karanta wa Gwaggo. Ranar ta faɗo Juma'a, ga shi gwiwarta ta hagu ba ta son matakala. Ta ce, "Babana, nemo mana motarmu mu kaɗai. Mai tsayawa in an ce ya tsaya."

Ban taɓa zuwa Hainan ba, kuma ba zan bi su ba, domin ina da wani baƙo daga Kano da zan kai kasuwar Baima a ranar. Na tambayi mai gidan abincin halal da nake cin taliyar rana a wurinsa. Ya jefa tambayar a wani zauren waya na 'yan'uwansa Musulmi, kafin in gama kwanona an turo lamba uku. Na farkon tun ban gama bayani ba ya fara lissafa mini shagunan lu'ulu'u da zai kai su, na gane akwai la'adarsa a can. Na biyun bai amsa ba. Na ukun ya aiko saƙon murya da ya fara da sallama. Dattijo ne, zai yi hamsin da 'yan kai, daga wani ƙauyen Musulmi da ke gefen Sanya. Sai ranar na san akwai Musulmi 'yan asalin tsibirin, da masallatansu da yarensu na daban.

Na yi masa tambayoyin da na saba yi wa direbobi. Motar tana da tsawon da tsohuwa za ta sha wahalar hawa? Na'urar sanyi tana aiki? A wace ƙofa zai tsaya? Ya amsa ɗaya bayan ɗaya, ya turo hoton motar ciki da waje. Muka daidaita kan kuɗi ba ciniki mai tsawo. Na aika masa hoton Gwaggo da Hajiya, na kuma rubuta masa kalmar "Gwaggo" da zai buga a takarda ya ɗaga a bakin tasha, domin sunayen da ke fasfo ɗinsu ko su ba sa waiwayawa in an kira su da su.

Sai na zauna na tsara yinin awa-awa. Ƙarfe tara gonar kwakwa. Goma da rabi bakin teku, a wurin da mota ke isa kusa da yashi. Sha biyu da rabi masallaci. Bayan sallah abinci a gidan abincin halal. Biyu da rabi kasuwar 'ya'yan itace. Jirgin zai rufe ƙofa ƙarfe biyar, amma na ce masa uku da rabi ta yi musu a tasha. Na rubuta tsarin da Sinanci na tura masa, na rubuta da Hausa na ninke na sa a jakar Gwaggo. Ranar Laraba na kai su Nansha, na tsaya har suka shige.

Safiyar Juma'a, tara saura kwata, hoto ya shigo. Su biyu a jikin mota, kowacce da ɗanyar kwakwa da tsinken zuƙa a ciki. Hajiya tana dariya, Gwaggo tana kallon wani wuri. Na mayar da wayar aljihu na ci gaba da baƙona, wanda yake neman wandunan jins na yara.

Ba a yi awa ɗaya ba direban ya kira. Ya ce, "Laban," wato maigida, haka suke kiran duk wanda ya ba su aiki, "akwai wata magana." Ƙanin mahaifiyarsa ya rasu da safiyar nan. Yana kwance tun watanni, amma babu wanda ya zaci yau ne. Sai da ya ɗauki baƙin aka kira shi. Za a yi jana'iza bayan sallar Juma'a. Ya ce ya riga ya yi magana da wani abokinsa direba, ba Musulmi ba ne amma mutumin kirki ne, zai iya zuwa ya karɓe su cikin minti ashirin. In kuma ban yarda ba, zai ci gaba da aikin ya haɗu da mutane a masallaci kawai.

Abin da ya fara zuwa raina ba ta'aziyya ba ne. Tunani na yi ko sabon direban ya san gidan abincin, da ko zan sake tura masa tsarin daga farko. Na ce ya miƙa wa Gwaggo wayar. Na yi mata bayani, na ce ta zaɓa.

Ta ce, "An yi wa mutum rasuwa kana tambayata wace mota nake so? Ka yi masa gaisuwa ma kuwa?"

Na ce yanzu zan yi.

"Gidan da nisa?"

Na tambaye shi. Ya ce rabin awa.

"To ya kai mu can. Ma yi musu gaisuwa, shi kuma ya ji da abin da ke gabansa."

Na ce, "Gwaggo, yini ɗaya ne fa, kuma ba ku ga bakin teku ba."

"Tun shekaranjiya a cikinsa muke kwana, Babana. Ruwa ne."

Na ji muryar Hajiya daga gefe tana cewa ita ma ta yarda, amma in da hali a bar mata ko minti goma ta sa ƙafa a ciki.

Na gaya wa direban. Ya ce gidan a cike yake, babu wurin zama mai kyau, babu kuma na'urar sanyi. Na ce sun ji. Ya ce bari ya kira matarsa. Bayan minti biyu ya rubuto cewa suna hanya.

Wajen sha ɗaya saura matarsa ta kira ni ta bidiyo da wayarsa. Na bar baƙona a wani shago yana duba ɗinki, na fita matakalar baya ta Baima inda hayaniya ta yi sauƙi. Na ga tsakar gida mai siminti, da ƙananan kujerun roba, da mata masu ɗankwali zazzaune. An sa Gwaggo da Hajiya kusa da wata tsohuwa 'yar ƙarama, matar mamacin. Tsohuwar ba ta jin Sinancin da nake yi sosai, yarensu take ji. Don haka Gwaggo za ta faɗa da Hausa, in juya wa matar direba, ita kuma ta juya wa tsohuwar.

Gwaggo ta kama hannunta ta fara. Ya haƙuri. Ya ƙarin haƙuri. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta, ya sa can ta fi masa nan, ya kai haske kabarinsa, ya albarkaci bayansa, ya ba ku danganar rashi. Ta tsaya tana jirana.

Sinancina na kasuwa ne. Na san farashi, da launi, da kwali, da ranar lodi. Shekara tara ban taɓa shiga gidan mutuwa a ƙasar ba. Na ce wa matar direba, "Ta ce kada ku damu sosai, ku kula da lafiyarku."

Gwaggo ta kalli wayar. "Duk abin da na faɗa shi ke nan?"

Na ce na taƙaita ne.

"Kashe wayar ka koma aikinka. Za mu ji da kanmu."

Na kashe. Daga nan ban sake jin komai ba na tsawon awa huɗu. Na gama da baƙona, muka yi Juma'a, muka ci abinci. Ƙarfe biyu na rubuta wa direban, bai buɗe ba. Biyu da rabi na kira wayar Gwaggo, ba ta shiga, domin layinta ba ya aiki in ba a otal ba. Na duba ko akwai jirgin sama daga Sanya zuwa Guangzhou da yamma, ko da jirgin ruwan zai tafi ya bar su. Akwai. Sai na tuna akwatunansu da maganin hawan jinin Gwaggo suna cikin jirgin ruwan. Na zauna a wani benci a bakin Baima ina kallon masu tura kaya.

Uku da minti goma hoto ya shigo. Hajiya ce a cikin teku, ruwa ya kai mata idon sawu, ta tattare zanenta da hannu ɗaya, takalmanta a ɗaya hannun. Can baya ana hango motar, ƙofa a buɗe, Gwaggo a zaune a ciki. Huɗu saura minti goma ya turo wani, suna shiga ƙofar tasha. A ƙasa ya rubuta cewa an yi jana'iza lafiya, kuma mutanen gidan sun gode.

Ranar Lahadi na ɗauko su a Nansha. A mota na ji sauran labarin, yawanci daga bakin Hajiya. Sun zauna da matan har azahar. An kawo musu shayi ba sukari, Gwaggo ta sha rabi don kara. Sannan aka miƙo musu wani ɗan itace da matan ke tauna da ganye, mai rina baki ja. Gwaggo ta ce goron ƙasar ne, ta karɓa ta ƙulle a gefen mayafi. Hajiya ta tauna nata, nan take zufa ta karyo mata, kanta ya juya, sai da aka yi mata fifita. Ta ce shi ne karo ɗaya da ta ga matar mamacin ta yi murmushi. Da aka fara aikin abinci, Gwaggo ta jawo kujera ta karɓi wuƙa ta shiga gyaran kifi, ba wanda ya hana ta. Matan suka yi ta juya hannunta suna duba lalle. Sun yi sallah tare a wani ɗaki, sun ci shinkafa da kifi, sannan direban ya dawo daga maƙabarta da ƙasa a wandonsa ya ce su tashi.

Na tambayi yadda suka yi magana. Hajiya ta ce, "Wace magana? Zama muka yi."

Da muka kusa otal Gwaggo ta sa baki. Ta ce ta lura ba sa ɗaga murya wajen kuka, kuma kifinsu ya fi na jirgin. Sannan ta ce in tambayi mutumin ko sun yi addu'ar uku. Na rubuta masa. Ya amsa cewa sai ranar bakwai dangi za su sake taruwa.

Ranar ta same mu a sito, ana ɗaure kwalaye da salatif. Ni na manta, ita ta tuna. Kafin nan na riga na tambayi mai gidan abinci abin da suke faɗa a irin wannan, ya rubuta mini jimla biyu a bayan takardar oda. Na kira, matar direban ta ɗauka, ana jin hayaniyar mutane da ƙarar kwanuka a bayanta. Ta kai wa tsohuwar wayar. Gwaggo ta yi addu'arta da Hausa, ba ta rage komai ba, ni kuma na karanta jimlolina biyu. Tsohuwar ta ce amin sau uku ko huɗu, sannan ta faɗi wani abu da matar direba ta juya mini: in sun sake zuwa, su sauka a gidan.

Na gaya wa Gwaggo. Ta ce, "To, in da rai." Ta miƙo mini wayar, ta ce wa mai ɗaurin ya buɗe kwalin ƙarshe, ba ta ga an sa baƙaƙen mayafan ba.